Maɗacin Ƙofar Masaƙa

Samarin da ke jera tsirrai cikin baƙar leda a bakin titin Panshekara Baba Lambu suke ce mini, kuma idan na tsaya wurinsu sukan jawo mini benci in zauna. Ina jin daɗin wannan. Abin da ba na jin daɗi shi ne yadda suke ɗaukar aikin. Kwanan baya ɗayansu ya ce mini, yana dariya, wai shi bai ga abin koyo a aikin lambu ba, ai ƙasa ce da taki da ruwa. Na ce ya miƙo mini mangwaron da ya yi wa aure jiya, wato ya ɗora masa reshen wani mangwaron. Reshe ya zauna a kan uwar, leda ta naɗu tamau, ɗauri kam ba laifi. Sai dai ɓawon wannan bai sadu da ɓawon wancan ba ko ta gefe ɗaya. Na ce masa kafin kwana goma zai bushe. Bai yarda ba, ni kuma ban ja da shi ba, don ni ma na taɓa yin irin wannan bakin.

Sunana Hamisu. Daga wani ƙauye a ƙasar Ringim na zo Kano ci-rani ina saurayi, ban sake komawa da zama ba. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina aikin lambu a wata masaƙa a Challawa, ranakun hutu kuma in zagaya gidajen manya a Bompai da harabar wasu kamfanoni a Sharada. Wanda ya koya mini aikin Baba Bitrus ne, mutumin Filato, gajere, mai faɗin tafin hannu, wanda ba ya ɗaga murya ko an ɓata masa rai. Idan ka yi shirme sai ya dube ka kawai, ya karɓi abin ya sake yi a gabanka. Da a ce zagi yake yi da ya fi mini sauƙi.

Aikin farko da ya ba ni wasa wuƙa ne. Wata ƙaramar wuƙa ce mai ƙotar ƙaho, gefe ɗaya kawai ake wasa ta. Wata uku ina guga ta a dutse da ruwa, in kai masa, ya gwada a gashin hannunsa ya dawo mini da ita. Sauran kayan aikin bai damu da wanda ya ɗauka ba, ko fartanya ce, ko adda, ko baro, ko tiyo, ko almakashin yanke reshe. Wuƙar nan kuwa a aljihun gabansa take kwana. Ya ce dakusasshiyar wuƙa ba yanka take yi ba, murƙushewa take yi, kuma abin da aka murƙushe ba ya haɗuwa.

Wata safiya ya aike ni sashen rini da kwalba, ya ce in roƙo masa jan ruwa. Na zo da shi ina ƙunƙuni, don a ganina aikin banza ne. Ya yanko ɗanyen reshen gwaiba mai ganye, ya tsoma gindinsa a kwalbar, ya ajiye a rana, muka tafi shara. Bayan azahar ya kira ni. Jijiyoyin ganyen sun fara yin ja. Ya tsaga reshen gida biyu ya nuna mini. Jan ya bi ta cikin itacen zare-zare har sama, ɓawon kuwa bai taɓa shi ba.

"Ka ga hanyar ruwa," in ji shi. "Ta cikin itace yake hawa. Rana ta bugi ganye, ruwan ganye ya fita, na ƙasa ya biyo shi. Ganye ne ke ja, ba saiwa ce ke turawa ba."

Na ce to ɓawo fa, riga ce kawai?

Sai ya je wurin wani reshen a jikin gwaibar, ya zagaye shi da wuƙa, ya cire ɓawo faɗin yatsa, ya ce in riƙa dubawa. Bayan makonni leɓen sama na yankan ya kumbura ya yi ƙululu, leɓen ƙasa kuwa yana nan yadda yake, har ya ɗan motse. Sannan ya ba ni amsata. Ganye ne ke dafa abinci da hasken rana, abincin kuma ta fatar cikin ɓawo yake sauka har ya kai ga saiwa. Saiwa tana cikin duhu, ba ta iya yi wa kanta komai, abin da aka aiko mata daga sama take ci. Abincin ne ya sauko ya tarar an datse hanya, ya taru a wurin, shi ne kumburin.

Tsakanin ɓawo da itace kuma akwai wani abu mai laima, wanda bai kai kaurin takarda ba. Baba Bitrus santsi yake ce masa. Da damina in ka ɗaga ɓawo za ka ji shi a yatsa. Shi ke haifar hanyoyin nan biyu. Kowace damina yana shimfiɗa sabon itace ta ciki, sabuwar fata ta waje, shi ya sa bishiya daga gefe take ƙara kauri, ba daga tsakiya ba. A ɗan tsiro hanyoyin 'yan zare ne a warwatse, ka karya karan wake za ka gan su, kowane sabon ganye da nasa zaren da ke sauka ya haɗu da na baya. In tsiro ya girma sai su game su zama zobe. Tsohon itacen tsakiya ya gama nasa aikin, riƙe nauyi kawai yake yi, shi ya sa za ka ga bishiya mai ƙaton kogo tana ta 'ya'ya. Auren bishiya kuwa ba komai ba ne illa ka sa santsin reshe ya kwanta a kan santsin uwa. In sun sadu sai su fitar da wani farin nama ya cike tsakani, a cikin naman nan sababbin hanyoyi su fito su haɗa na sama da na ƙasa. In ba su sadu ba, ko da igiyar rijiya ka ɗaure aikin banza ne.

Akwai wani lemo a gidan wata Hajiya a Bompai da ba na mantawa da shi. An ɗaure ragon layya a jikinsa kwana biyar, rago ya gaigaye ɓawon ya kusa zagayewa. Hajiya ta ce a sare a dasa wani. Baba ya ce ta ba shi damina ɗaya. Ya yanko 'yan rassa huɗu masu kaurin fensir daga jikin lemon, ya fere kowanne kai da gindi, ya cusa gindin a ƙarƙashin ɓawon ƙasa, kan kuma a ƙarƙashin ɓawon sama, suka tsallake ciwon. Ya shafe da kakin zuma. Gada yake kiran wannan aikin. Uku suka kama, lemo ya rayu, Hajiya ta ba shi shadda ya ce a ba ni. Amma tun a ranar ya gaya mini sharaɗin gada, wato sai akwai rai a gaɓa biyun. Masu gidaje irin Hajiya kuwa haka suke. Wani zai ce a tara ƙasa a gindin bishiya har ta rufe wuyanta don ya fi kyau, wani ya ce a buga mata ƙusa a rataya fitila. Sai ka yi ta lallashi kamar kai ne mai bishiyar.

A ƙofar masaƙarmu akwai wani maɗaci. Baba Bitrus ne ya dasa shi a makon da aka ɗauke shi aiki, tun wurin yana fili fetal, da ruwan da yake ɗebowa a garwa. Lokacin da na zo mutum biyu ne ke iya rungumarsa. A ƙarƙashinsa ake canjin aiki, masu fita su zauna su huta, masu shiga su jira ƙararrawa. Masu abinci a nan suke ajiye tukwane, a nan ake shimfiɗa tabarmar la'asar, a nan 'yan coci suke taruwa in za su je gaisuwar mutuwa. Ba wanda ya taɓa ce masa bishiyar kamfani, maɗacin Baba ake cewa.

Kowa ya san sassaƙen maɗaci magani ne, na zazzaɓi, na ciwon ciki, na basir. Kuma a al'adarmu daga gabas da yamma ake sassaƙa. Mutane suna cewa ta nan maganin ya fi ƙarfi. Baba ya ce shi bai san wannan ba, amma duk wanda ya fara kafa al'adar ya san bishiya, don ya bar mata kudu da arewa abinci ya riƙa sauka. Saboda haka ba ya hanawa. Dokarsa ita ce shi zai yanka da hannunsa, kada ya wuce faɗin yatsa uku, ya shafe wurin da laka da kashin shanu. Kafin damina biyu santsi ya turo nama daga gefe da gefe ya rufe.

Ranar da ya ajiye aiki, idonsa ya riga ya fara yana. Aka yi masa ɗan taro, aka ba shi agogon bango. Da aka watse ya kama hannuna ya kai ni gindin maɗacin, ya ciro wuƙar nan ya sa mini a aljihu.

"Hamisu, sauran duk na kamfani ne, ka yi musu abin da aka ce. Wannan nawa ne. Ba ni da gida a Kano, ba ni da gona. Shi kaɗai na dasa da zan ce nawa. Na ba ka amana."

Na ce, "Baba, in Allah ya yarda ba za ku ji wani abu ba."

Shekaru suka wuce lafiya, sai muguwar shekara ta zo. Wuta ta ƙi samuwa, atamfar waje ta cika kasuwa da araha, aka rage canjin aiki daga uku zuwa ɗaya. Sannan aka rufe ɗakin shan magani na ma'aikata. Mutanen da suka saba zuwa wurin nas in jikinsu ya yi zafi sai suka juyo kan maɗaci, su da matansu da 'ya'yansu da maƙwabtansu na Panshekara da Kumbotso. Da farko ni nake yankawa kamar yadda Baba yake yi. Daga baya suka fi ƙarfina. In na je bayan sito ban ruwa, kafin in dawo an ɗebi wani. Gabas ta yi ta faɗi, yamma ta yi ta faɗi, itace ya fito fari tas.

Wata rana na kama Ladi, wata mata daga sashen duba yadi, da wuƙar girki a hannunta tana kan gefen kudu. Na daka mata tsawa. Ta juyo ba ta ko ɓoye wuƙar ba.

"Malam Hamisu, mijina sati biyu ke nan ba ya iya tashi. Gabas babu, yamma babu. Ka nuna mini inda zan yanka in yanka."

Na karɓi wuƙarta na ajiye, na ciro tawa na yankar mata ɗan siriri daga gefen. Ban ga laifinta ba a ranar, har yau kuma ban gani ba. Amma da aka ga an taɓa kudu sai aka ɗauka an buɗe ƙofa. Wata Juma'a na dawo daga masallaci na tarar babu kudu ɗungurungum. Abin da ya rage shi ne ɓawon arewa, faɗin tafin hannuna, daga ƙasa har sama. Duk abincin da wannan ƙatuwar bishiya za ta aika wa saiwarta ta nan zai bi.

A ranar na yi abin da na yi. Na rufe ɓawon da tsohon buhu, na jera ƙayar bagaruwa a kai. Wani ya ce in buga wa bishiyar kwanon rufi da ƙusa, na ce Allah ya kiyaye in huda mata sauran hanyar da ta rage. Sai na je sito na ɗebo wayar da ake ɗaure dilar auduga da ita, wadda ba ta tsatsa da wuri, na zagaye bishiyar sau biyu, sama da ƙasa, na murɗe da filaya iya ƙarfina, don kada ko tsinin wuƙa ya samu wurin shiga. Na san bishiya tana ƙara kauri, waya kuwa ba ta miƙewa. Ba jahilci ne ya sa ni ba. Lissafina shi ne in damina ta yi nisa in sassauta, kuma kullum ina wurin, me zai hana? Aka daina sassaƙa, mutane suka koma neman maɗaci a bakin kogi. Na yi barci mai daɗi a makon nan.

Damina ba ta yi nisa ba aka rufe masaƙar. Wata Litinin muka zo muka tarar da sarƙa a ƙofa da takardar kotu a manne, da masu gadi sababbi cikin baƙaƙen kaya waɗanda ba su san kowa ba. Rigima ce tsakanin masu kamfanin da waɗanda suke bin su bashi, aka ce ko tsinke kada ya fita, ko mutum ɗaya kada ya shiga. Mutane suna kukan aikinsu, ni ma ina da nawa kukan, ga iyali. Amma ina tsaye a wurin abin da ya faɗo mini shi ne wayar nan.

Na je wurin shugaban masu gadin, na gaishe shi, na ce minti biyar kawai nake so, ya haɗa ni da mutum ya raka ni, waya zan kwance a jikin bishiya.

Ya ɗaga kai ya dubi maɗacin ta saman katanga, ya dube ni. "Dattijo, wannan bishiyar ce ba ta da lafiya? Ta fi ni lafiya. Mutane suna neman abin da za su ci, kai kana maganar waya."

Na koma sau da yawa. Na sa an rubuta mini takarda zuwa ofishin da aka ce shi ke riƙe da wurin, ba a amsa ba. Na yi tunanin haurawa, amma katangar da waya mai reza a kanta, ga karnuka, ga gwiwata da ta riga ta fara ciwo. Aka yi ta canza masu gadi, kowane sabo in fara masa bayani daga farko, hanyar ruwa da hanyar abinci, yana kallona kamar mai taɓin hankali. Na koma dasa furanni a gidajen mutane, amma duk inda za ni sai na biyo ta Challawa na tsaya daga tsallaken titi na duba.

Shekarar farko yana nan kore. Shekara ta biyu ya fi kowane lokaci cika, ya yi fure, ya yi 'ya'ya har rassa suna lanƙwasa. Tsofaffin ma'aikata da muke haɗuwa suna cewa, "Ka ga maɗacinka, tun da aka bar shi ya huta sai ƙiba yake yi." Ni kuwa ban yi murna ba, don na san abin da ke kawo irin wannan 'ya'yan. Abincin da ya kamata ya sauka ne ya rasa hanya ya tsaya a sama.

Baba Bitrus yana zaune a Panshekara wurin 'yarsa, idon ya tafi gaba ɗaya. Duk Lahadi da yamma nakan je gaishe shi. Bayan an gama tambayar iyali, sai ya ce, "Yaya maɗacina?" In ce, "Yana nan kore shar, Baba." Ba ƙarya nake yi ba, kuma ba gaskiya nake faɗa ba. Ya san an sassaƙe shi, ya san saura arewa, wannan duk na gaya masa. Wayar ce ban faɗa ba. Sau nawa ina ɗauko maganar a hanya, in na zauna gabansa sai ta maƙale. Kunya ce, ba wani abu ba.

A shekara ta uku aka kawo wani mai gadi, mutumin Maraɗi, mai suna Ila, wanda ya tashi a gona. Shi kaɗai ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce shiga dai ba zai bar ni ba, don aikinsa zai rasa, amma in kawo filaya shi zai yanke. Na kawo da sassafe, na kwatanta masa wurin, daidai ƙirji ɗaya, daidai gwiwa ɗaya. Na tsaya a bakin ƙofa ina jira. Ya daɗe, sannan ya dawo ya miƙo mini filayar ta ƙarƙashin ƙofa.

"Baba, na zagaya sau uku. Buhun ya ruɓe, ƙayar ta zube. Amma babu wata waya. Ko wani ya riga ya cire?"

Na ce, "Ba ka ga wani kumburi ba?"

"Akwai. Kamar leɓe, ya rufo ƙasa."

Na zauna a kan dakalin ƙofar. Ba wanda ya cire ta, bishiyar ce ta haɗiye ta.

Farkon damina ta huɗu aka sayar da wurin. Sababbin masu shi suka mai da shi sito, suka nemi wanda zai share ciyawa, Ila ya ba da sunana. Ranar da aka ce in fara, ban shiga ni kaɗai ba. Na je Panshekara na ce wa Baba an buɗe, kuma ina so mu yi wa maɗacin gada, hannuna kaɗai ba zai isa ba. Ya sa rigarsa ta zuwa coci. Na yanko 'yan rassan maɗaci takwas daga bakin kogi na naɗe a jiƙaƙƙen buhu, na ɗauki kakin zuma da wuƙar, muka hau adaidaita sahu. A hanya yana ta ba ni labarin yadda ya kare dashen daga awaki da kara. Ni kuwa wayar ce a raina.

Muka shiga. Inuwar tana nan yadda take, sanyi har cikin ƙashi. Ya tsaya ya ɗaga fuska yana jin motsin ganyen, ya yi murmushi. Na kai hannunsa jikin bishiyar. Ya shafa gabas, ya shafa kudu, busasshen itace. Ya zagayo arewa, ya sami ɓawon daga sama, ya biyo shi da tafin hannu yana saukowa a hankali. Da ya iso kumburin sai hannun ya tsaya. Ya cusa yatsa ƙarƙashin leɓen, ya bi shi zuwa gefe, inda itace yake tsirara, har ya taɓo ƙarfen, ya bi shi ya sami wurin da aka murɗe.

"Wannan wayar dila ce."

"Ita ce, Baba."

"Wa ya ɗaura?"

"Ni ne."

Bai juyo ba. Ya ƙara shafa murɗin da babban yatsa, ya ce in ba shi wuƙa. Ya kankare ɗan wuri a saman kumburin, ya taɓa, ya kai hanci. Da laima, ga ɗacin nan yana tashi. Ya kankare ƙarƙashin wayar, ya nuna mini wurin.

"Me ka gani?"

"Launin ruwan ƙasa ne, Baba. A bushe."

"Sauka."

Na karɓi wuƙar na sauka taƙi ɗaya na kankare. A bushe. Na wuce waya ta biyu, na durƙusa, na kankare daidai ƙasa. A bushe. Ya ce in tona. Na ɗauko fartanya na tone gindin, na bi wata babbar saiwa kamu biyu, uku, ina kankarewa, shi kuma yana tsugune yana taɓa duk inda na buɗe. Ɓawon saiwar yana ɓarewa a hannu kamar tsohon kwali, ƙasansa baƙi, da gara. Rassa takwas ɗin nan suna gefe a cikin buhunsu. Akwai inda za a cusa kansu, babu inda za a cusa gindinsu.

Na ce, "Baba, ku yafe mini. Na san abin da waya take yi. Ku kuka nuna mini. Na ce zan sassauta ne, aka rufe ƙofa. Kuma na kasa gaya muku."

Ya daɗe yana goge ƙasar hannunsa a gwiwar wandonsa. Sannan ya ce, "Ka ɗaura da kyau, Hamisu. Ba wanda ya sake sa masa wuƙa." Ya ɗaga fuska sama. "Ruwa zai ci gaba da hawa ta tsohuwar hanya har saiwar ta ƙarasa. Zai kai ƙarshen damina, wataƙila ya taɓa sanyi. Mayar da ƙasar, kada rana ta bugi saiwar."

Na mayar da ƙasar na daddanna, ko da yake mu biyun mun san ba ta da sauran amfani. Ya ce in bar shi ya ɗan zauna. Na kawo masa bulo ya zauna ya jingina da gefen arewa har aka kira azahar. Bai sake tambayata maɗacinsa ba, ko sau ɗaya, a duk Lahadin da suka biyo baya. Da ya tambaya da na fi samun sauƙi.

Maɗacin ya kai yadda ya ce. Duk daminar nan yana tsaye kore, direbobin manyan motoci suna kwana a inuwarsa da rana, masu abinci suka dawo da tukwanensu. Tsofaffin ma'aikata da suka ji an buɗe suna zuwa su gani, su same ni ina shara a ƙarƙashinsa. Har Ladi ta zo, mijinta ya warke, ta kawo mini gyaɗa a leda. Ta ɗaga kai ta dubi ganyen ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam Hamisu. Ba don kai ba da mun kashe bishiyar nan."

Na karɓi gyaɗar na ce mata na gode.